Ina da lufus, dangin miji na jiran haihuwa: in ajiye magani a ɓoye?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 27, ina zaune a gidan yawa na dangin mijina a cikin birnin Zariya, ina kuma koyarwa a wata firamare. Ba a daɗe da bikinmu ba na fara zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi, da gajiyar da barci ba ya kore ta. An yi ta ɗura mini maganin maleriya da na taifot. Daga baya gashina ya fara zuba, wani baƙin tabo ya fito mini a kumatu da karan hanci, sannan na yi ɓari. Da ƙafafuna suka kumbura aka tura ni babban asibiti, likita ya ce lufus ne, har ya fara taɓa ƙoda. Ya ce garkuwar jikina ce take yaƙata. Ya ɗora ni a kan firedinisolon da haidiroksikulorokwin da maikofenolet, ya ce in guji rana, kuma kada in ɗauki ciki yanzu, aka sa mini ashanar tazarar haihuwa da amincewar maigidana. Na duba a waya na ga ana ta ambaton wani abu wai shi intaferon, ban gane komai ba.

Da na faɗa a gida cewa ciwon garkuwar jiki ne, sai wata facalata ta baza cewa ƙanjamau nake da shi. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce sammu ne, tana kawo mini jiƙe-jiƙe, har ta sayo wani maganin ƙara garkuwar jiki mai tsada. Ta ce abin da asibiti suka ba ni ai kulorokwin ne kawai. Maganin ya cika mini fuska, sai ake cewa ga ni nan ɓul-ɓul, lalaci ne ya hana ni wanki da girki a tsakar gida. Maigidana yana ƙoƙari, shi ke sayen magani, amma na ga ya fara gajiya, kuma ana ta yi masa maganar ƙarin aure. Yanzu na ji sauƙi sosai. Ina tunanin in ajiye magungunan a ɓoye, in je a cire mini ashanar, in samu ciki ko hankalin kowa ya kwanta. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma mayar miki da alherin cikin da kika rasa. Ban ji kin ce wani ya zauna ya yi miki jajen wannan ɓarin yadda ya kamata ba, ga ciwo yana cin ki ta ciki, ga bakin mutane ta waje. Macen da ta kai ga tunanin jefa lafiyarta cikin haɗari don a sarara mata, an kai ta bango, kuma ban ga laifinki ba da wannan tunanin ya zo miki. Amma zan fara da amsar tambayarki kafin komai: kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya, kada ki bari a cire ashanar nan, sai ranar da likitanki ya ce lokaci ya yi.

Dalilai uku ne, kowanne ya isa shi kaɗai. Maikofenolet magani ne mai kyau ga ƙoda, mugu ga ɗan tayi: kusan rabin cikin da aka ɗauka ana shan sa yana zubewa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na jariran da suka zo duniya suna zuwa da naƙasa a kunne ko leɓe ko zuciya. Shi ya sa ake so mace ta bar shi aƙalla mako 6 kafin ta nemi ciki, bayan an musanya mata shi da wani. Firedinisolon kuma idan an daɗe ana sha, jiki yakan rage ƙera nasa sinadarin mai kama da shi, don haka yanke shi farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi, mutum ya galabaita har ya kai ga suma. Na uku, sauƙin da kike ji aikin maganin ne. Ciwon yana nan kwance, kuma ƙoda ba ta yin kuka da wuri. Tana iya lalacewa mai ita tana ta harkokinta. Ki haɗa tashin ciwon ƙoda da sabon ciki, sai a wayi gari ana neman ceto uwa da ɗa gaba ɗaya.

Bari mu zo kan intaferon ɗin da kika gani a waya. Zan ɗan tsaya a kansa, domin a ganina idan kika gane shi, dokokin da likita ya kafa miki za su daina yi miki kama da horo, kuma za ki samu bakin yi wa mutanen gidanku bayani.

Intaferon wani sinadari ne na furotin da ƙwayoyin jikin kowane ɗan Adam suke fitarwa idan ƙwayar cuta irin ta bairas ta shige su. A 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suka gano shi suna nazarin ƙwayar cutar mura. Aikinsa kamar usur ɗin 'yan sintiri ne da dare: inda ɓarawo ya haura a busa, maƙwabta su kulle ƙofofi, matasa su fito da gora. Ƙwayar jikin da bairas ya shiga takan gane shi ta DNA ko RNA ɗinsa, wato zaren da ke ɗauke da bayanan halittarsa, sai ta saki intaferon. Ƙwayoyin da ke kusa su karɓi saƙon ta wata kafa da ke jikin bangonsu, su kunna ɗaruruwan umarnin kare kai, fararen ƙwayoyin jini kuma su taso. Zazzaɓi da ciwon jiki da kasalar da mutum ke ji idan mura mai ƙarfi ta kama shi, kaso mai yawa aikin intaferon ne da ire-irensa. Bayan 'yan kwanaki an ci ƙarfin cutar, usur ya yi shiru, mutum ya miƙe.

A jikin mai lufus usur ɗin ne ya ƙi yin shiru alhali babu ɓarawo, goran kuma a kan masu gida yake sauka. Kullum biliyoyin ƙwayoyin jikinmu suna mutuwa wasu na maye gurbinsu, kuma akwai masu kwashe matattun cikin hanzari. A jikin mai lufus wannan kwashewar takan yi nawa, sai ɓaraguzan DNA da RNA na mutum kansa su yi ta yawo. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, waɗanda aikinsu ƙera antibodi ne don cafke cuta, sai su yi kuskure su ƙera antibodin da ke cafke waɗannan ɓaraguzai, su cure wuri guda. Akwai kuma wasu ƙwayoyin tsaro 'yan kaɗan a cikin jini da suka fi kowa iya zubo intaferon. Idan suka haɗiye wannan curin, masu ganowa da ke cikinsu, waɗanda ake kira TLR7 da TLR9, sai su ɗauka bairas ne, su malalo intaferon. Shi kuma ya zuga ƙwayoyin B su ƙara ƙera wancan antibodin, ya ƙara kumburi da mutuwar ƙwayoyi, ɓaraguzai su ƙaru, curi ya ƙaru, intaferon ya sake ƙaruwa. Haka ciwon yake ciyar da kansa. Idan jini ya kai curin nan matatar ƙoda ya maƙale, wurin ya kumbura, furotin ya fara yoyo cikin fitsari, ƙafafu su cika. Abin da ya kai ki asibiti ke nan.

An daɗe ana tara hujja a kan wannan. Tun 1979 wasu masu bincike a Amurka suka samu intaferon mai yawa a jinin masu lufus. Daga baya, lokacin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C da wasu masu ciwon daji allurar intaferon a matsayin magani, sai aka ga kaɗan daga cikinsu sun fara nuna alamun lufus, wanda ya nuna sinadarin da kansa na iya kunna ciwon. A 2003 rukunin masana biyu, ɗaya a Minnesota ɗaya a Dallas, suka nuna cewa umarnin da intaferon ke kunnawa a kunne suke a jinin masu lufus da yawa, kuma sun fi ƙarfi a waɗanda ciwon ya fi tsananta. A 2022 wasu masu bincike ƙarƙashin Farfesa Carola Vinuesa suka gano wani ɗan sauyi a ƙwayar gadon TLR7, wato umarnin halitta da jiki ke bi ya ƙera shi, ta wata yarinya 'yar Sifaniya da lufus ya kama tana shekara 7. Da suka sanya wannan sauyin a jikin ɓeraye, ɓerayen ma suka kamu. Ana ganin irin wannan tashin intaferon a wasu cututtukan da jiki ke yaƙar kansa, kamar ciwon Sjögren mai busar da ido da baki, da wani ciwon da ke kama tsoka da fata tare.

Za ki ce me ya sa ke. Cikin kowane mutum 10 masu lufus, kusan 9 mata ne, yawanci a shekarun haihuwa, kuma ya fi yawa da tsanani a baƙar fata, musamman ta wajen ƙoda. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙwayar gadon TLR7 tana kan wani ƙunshin bayanan gado da ake kira kuromosom X, mace kuwa biyu gare ta, namiji ɗaya. A ƙa'ida jikin mace yakan kashe ɗayan, amma a wasu ƙwayoyin tsaro TLR7 na biyun yakan ci gaba da aiki. Sinadaran mata ma suna da hannu. Gado yana ba da gudummawa, sai dai ba shi kaɗai ba ne, domin ko a tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya ke kamuwa ɗayar tana lafiya. Babu abin da kika ci ko kika aikata da ya jawo miki shi, kuma ba a ɗaukarsa ta kwano ko shimfiɗa.

Yanzu ki dubi dokar rana da wannan idon. Hasken rana yana ɗauke da wani kaifi da ido ba ya gani, wanda ke kashe ƙwayoyin saman fata. A jikin facalolinki a kwashe matattun shiru. A naki kuwa sabbin ɓaraguzai ne aka zuba wa masu busa usur, ga shi fatar mai lufus dama a shirye take ta fitar da intaferon. Abin bai tsaya a fata ba, yana iya tayar da gaɓoɓi da ƙoda, kuma sau da yawa sai bayan kwanaki ko makonni ake gani, shi ya sa mutanen gida ba sa haɗa wankin ranar Asabar da kwanciyar da ta biyo baya. Ranar Zariya daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ita ce abar gudu, musamman a bazara, kuma hazon hunturu ko hadarin damina ba sa tare wannan kaifin gaba ɗaya. Hijabi yana taimakawa idan yadin mai kauri ne, amma fuska da bayan hannu a buɗe suke, don haka ki nemi man kare fata daga rana mai lamba 50, ki riƙa riƙe lema, ki zaɓi keke mai rumfa a kan acaɓa. A makaranta ki kai wa shugaba takardar likita, a ɗauke miki tsayuwa a fili, a ba ki wani aikin a inuwa. Ki tambayi likita batun bitamin D, tunda mai gudun rana yakan rasa shi. Tabon fuskar kuma, don Allah kada ki kai masa man bilicin. Da yawansu akwai sitiroyid mai ƙarfi, wato magani dangin firedinisolon, a ciki, su sirantar da fata su ƙara ɓata ta.

Gajiyar da ake kira lalaci ma daga nan take. Duk wanda mura mai ƙarfi ta taɓa kwantarwa ya ɗanɗani aikin intaferon na 'yan kwanaki, ke kuma wata da watanni kike cikinsa. Cikar fuska kuwa aikin firedinisolon ne, takan ragu idan likita ya rage shi sannu a hankali, kuma burin masu kula da lufus a yau shi ne a sauko da shi ƙasa sosai da zarar ciwon ya kwanta. Ki faɗa masa yana damunki, zai gaya miki tsarin da yake bi.

Maganar Hajiya cewa kulorokwin aka ba ki, akwai gaskiya a ciki, kuma ina so ki faɗa mata haka. Haidiroksikulorokwin ɗan'uwan kulorokwin ne. Tun zamanin yaƙin duniya na biyu aka lura cewa sojojin da ke shan maganin maleriya, masu ƙurajen fata da ciwon gaɓoɓi a cikinsu suna samun sauƙi. Daga baya aka fahimci cewa maganin yana taruwa a ɗan ɗakin da TLR7 da TLR9 suke aiki a cikin ƙwaya, ya hana su jin ɓaraguzan, intaferon ya ragu. A wani gwaji da aka wallafa daga Kanada a 1991, masu lufus da aka janye musu shi sun fi waɗanda suka ci gaba da sha fuskantar tashin ciwo da ninki biyu da rabi. Yana kare ƙoda, yana rage daskarewar jini, ana shan sa da ciki da shayarwa. Cikin magungunanki uku shi ne wanda wataƙila za ku daɗe tare, abin da yake buƙata kawai a riƙa duba miki ido a kan lokaci. Kada ki ɗauka ya ɗauke miki gidan sauro, domin maleriyar ƙasarmu ta daɗe da bijire wa danginsa. Akwai kuma sabuwar allura mai suna anifurolumab da Amurka ta amince da ita a 2021, wadda ke toshe kafar da intaferon ke isar da saƙonsa. Tana da tsada ƙwarai, kuma asalin amincewar bai haɗa da ciwon ƙoda mai tsanani ba, don haka ba ita nake so ki sa a rai ba. Na ambace ta ne don ki san wannan bayani ya kai har ana ƙera magani a kansa.

Shi kuwa maganin ƙara garkuwar jiki, ki ajiye shi. Garkuwarki ba ƙarfi ta rasa ba, ƙarfin ne ya yi yawa a inda bai dace ba, kuma duk magungunan asibitin nan lallashinta suke yi ta sauko. Wasu daga cikin irin waɗannan kayan ana haɗa su da sifirulina ko ekinesiya ko alfalfa, waɗanda likitoci ke hana masu lufus saboda suna iya zuga ciwon. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuma ƙoda ce za ta tace su, ita da take jinya. Haka ma a kemis: kada ki karɓi Septrin, yana tayar wa masu lufus da yawa ciwo, kuma ki guji daikulofenak da ibufurofen sai da izinin likita.

Batun haihuwa, ki kwantar da hankalinki, ba a rufe miki ƙofa ba. Mata da yawa masu lufus sun haihu lafiya, har da waɗanda ya taɓa wa ƙoda. Sharaɗin shi ne ciwon ya kwanta aƙalla wata 6 kafin a ɗauki ciki, a musanya maikofenolet da azatiyofirin, a duba ko ciwon ya zauna lafiya a kan sabon maganin, a canja magungunan hawan jini irin su lisinofiril idan kina sha. Tunda kin taɓa ɓari, ki tambaya ko an yi miki gwajin antibodin da ke sa jini daskarewa, wanda ake kira antifosfolifid. Idan akwai shi, ƙaramin asfirin da allurar hefarin suna taimakawa ciki ya zauna. Akwai kuma gwajin anti-Ro, wanda idan mace na da shi ake sa ido a kan bugun zuciyar ɗan tayi, ko da yake kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai abin ke shafa. Za a riƙa bibiyar hawan jini saboda gudun jijjiga. Irin wannan cikin a asibitin koyarwa ake rainonsa, inda likitan ciwon da likitan mata za su haɗa kai, kuma ke kin yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika kusa da ke, wurin da wasu ke tasowa daga wasu jihohi don su zo.

Mu koma cikin gida. Maigidanki ya amince aka sa miki ashana, yana kuma sayen magani mai tsada a wannan zamani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ki riƙa nuna masa kin gani. Gajiyarsa ina jin ta rashin sanin ƙarshen jira ce. An ce masa "ba yanzu ba", shi kuma ana tsare shi a zaure da tambayar "sai yaushe?", ba shi da amsa. Ki roƙe shi ya raka ki ganin likita na gaba, ku shiga tare, ku tambaya ƙarara: me ake jira a gani a gwajin fitsari da na jini, yaushe za a iya fara musanya magani, me zai sa a ɗaga. Mijin da ya fito da tsari a hannu zai iya tsayawa gaban mahaifiyarsa da ladabi ya ce ga abin da muke ciki. Idan kuma kika bi ta ɓoye, ranar da ciwon ya tashi zai gane kuɗin da yake kashewa a ƙarƙashin katifa suke ƙarewa, kuma amanar da ke tsakaninku, wadda ita ce babban jarinki a gidan nan, za ta samu rauni.

Hajiya kuma, matar da ta fitar da kuɗinta ta sayo miki magani mai tsada ba maƙiyiyarki ba ce. Tana ganin matar ɗanta tana ciwon da ba ta taɓa jin sunansa ba, yau lafiya gobe kwance, sai ta fassara shi da abin da ta sani. Kada ki tsaya musun sammu da ita, ba za ki ci riba ba. Ki karɓi addu'arta da tofinta da hannu biyu, ba sa cin karo da ƙwaya ko ɗaya. Abin sha ne kawai za a ce likita ya hana saboda ƙoda, kuma daga bakin ɗanta ya kamata ta ji, ba daga naki ba. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, Hajiya ta san wannan. Idan za ta yarda ta raka ku asibiti sau ɗaya ta ji da kunnenta, ya fi bayani goma. Ki kuma ba ta wani abin da za ta riƙe a jinyar nan, ko da sa ido ne a rage gishiri da dunƙule a abincinki, domin babba idan aka ce komai nasa ba a so, ciwo yake ji.

Ƙazafin facalarki ya yi muni, kuma kada ki tsaya cacar baki da ita a tsakar gida. Ƙanjamau ƙwayar bairas ce ke shiga ta karya garkuwa, naki kuwa akasin haka ne. Da wuya a ɗora mutum a kan irin magungunanki ba a yi masa wannan gwajin ba, don haka ki nemi sakamakon a wajen likita, maigidanki ya samu ɗan'uwansa, mijinta, su kashe maganar a tsakaninsu. Ko da ma shi ɗin ne, jarrabawa ce da ba a yi wa kowa gori a kanta. Ta wajen aiki kuma, mutanen gidan yawa sun fi jin haushin a ce wata ba ta yin komai. Ki gabatar da musanya da kanki: wanki da asuba ko bayan la'asar sakaliya, ke ki ɗauki gyaran kayan miya da tsintar shinkafa a ɗaki, ki riƙa yi wa yaran gidan bitar karatu da yamma tunda sana'arki ce. Idan da hali maigida ya kafa 'yar rumfa a bakin murhu, kowa ma zai amfana.

Ƙarin aure ba zan yi miki alƙawarin ba za a yi ba, kuma na san yadda maganar ke sukar zuciya, musamman ga wadda ba ta gama jimamin ɓari ba. Abin da na sani shi ne cikin da aka ɗauka don tsoron kishiya bai taɓa zama katanga ba, mata nawa aka yi wa suna da goyo. Ki zauna da maigidanki a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki faɗa masa tsoronki ba tare da zargi ba, ki nemi abu biyu: ya ba tsarin likita lokacinsa, kuma duk abin da zai faru, maganinki da zuwa asibiti ba za su tsaya ba. Iyayenki ko waliyyinki su san ainihin halin da ake ciki tun yanzu. Idan matsin ya kai ana tilasta miki barin magani ko shan abin da aka hana, tafiya gida jinya na ɗan lokaci da izinin miji abu ne sananne a al'adarmu, ba yaji ba ne.

Kuɗi ma a yi maganarsa a fili. Ki faɗa wa likita abin da aljihunku zai iya, domin wani lokaci akwai zaɓi mai sauƙin kuɗi, kuma gara a sauya da saninsa da a riƙa tsallake kwanaki. Ki tambaya a wurin aikinki ko kina cikin inshorar lafiya ta jihar Kaduna, KADCHMA, ko ta tarayya, da abin da za su iya ɗauke muku. Azumi idan ya zo, shi ma da likita za ki yanke, kin san Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame.

Magungunan nan suna sassauta tsaron jiki, don haka daga yau kada ki yi wa zazzaɓi kuɗin goro. Yana iya zama maleriya, ko tashin lufus, ko wata cuta da ta samu kafa, har da tarin fuka, kuma gwaji ne kaɗai zai bambance. Zazzaɓi, kumfa mai yawa ko jini a fitsari, dawowar kumburi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, matsanancin ciwon kai ko ruɗewa, duk wanda kika gani a ciki asibiti za ki nufa ranar, ba sai ranar da aka ba ki ba. Idan kuma kin riga kin fara tsallake wasu ƙwayoyin kafin ki rubuto mini, ko kina shan na Hajiya, kada kunya ta hana ki: ki kwashi komai a leda ki kai wa likita cikin makon nan, ki faɗa masa tun yaushe, a duba fitsari da hawan jini. Ki sake rubuto mini bayan kun je tare da maigidan in ji abin da aka tsayar. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa da zuri'a mai albarka.